Fankar da ke ihu da waƙafin da ya yi shiru

Akwai wata tsohuwar kwamfuta a ofishin daraktan kwalejin da nake koyar da lissafi a nan Maradi. Kyauta muka same ta, bayan ta gama shan aiki a wani wuri. Irin mai akwatin nan ce da ake girkewa ƙarƙashin tebur. Da hantsi lafiya lau take aiki, amma da zarar rana ta take sai ta soma gurnani kamar injin niƙa a bayan gida, har ta kai in darakta zai amsa waya sai ya fita baranda. Ƴan makaranta suka laƙaba mata suna jirgi. In sun gan ni na nufi ofis da takardu sai ka ji wani ya ce, "Mushe, yau jirgin zai tashi?"

Wata da watanni na yi ina faɗa da wannan ƙara, ina ganin ita ce babbar damuwata. Ashe abin da ya kusa jawo mini abin kunyar da ba zan manta ba, ya kuma kusa raba wata yarinya da karatu, ko tari bai yi ba. Labarin abubuwan nan biyu nake so in ba ƴan uwana malamai da iyaye.

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji ya san wahalar ƙarshen zango. Yara tamanin ko fiye, kowane yaro da darussa sama da goma, kowane darasi da nauyinsa. Ka ninka, ka tara, ka raba, ka jera daga na ɗaya har na ƙarshe, sannan ka kwafe a takardar sakamako ɗaya bayan ɗaya. Na sha kwana da fitila da na'urar lissafi har kiran assalatu. Na gwada Excel, kuma ya taimaka sosai ga aji ɗaya. Amma da fayiloli suka yi yawa, kowane aji da nasa, kowace shekara da nata, sai na rasa wanne ne na ƙarshe. Wata rana da hannuna na jera sunaye bisa haruffa na manta ban haɗa da makin ba, sai makin wannan ya koma gaban sunan wancan. Allah ya sa na lura kafin a buga.

A hutun damina na 2022 na ƙudura zan rubuta ƴar manhaja tawa, wadda za ta zauna a kan kwamfutar ofis ta yi aiki ba tare da intanet ba. Na koyi harshen Python kaɗan-kaɗan a waya, da dare in yara sun kwanta. Zana tagogi da maɓallai bai ba ni wuya ba. Inda na tsaya cak shi ne tambayar da duk mai rubuta irin wannan manhaja yake cin karo da ita: a ina za a zuba bayanan?

Abin da masana ke kira rumbun bayanai, sunan ya dace da shi. Manhajar da kake gani a allo kamar matar gida ce mai ɗiba tana dafawa, amma hatsin yana cikin rumbu. Ana iya sauya tukunya, ana iya sauya murhu, in rumbu ya lalace kuwa gida ya shiga uku. Sunan yaro, ranar haihuwarsa, ajinsa, makinsa na shekara huɗu, duk a can suke kwance. Tsohon ɗalibi zai iya dawowa bayan shekara goma yana neman takardar shaidar karatu, kuma a rumbun nan za a nemo ta.

Da na bincika sai na tarar rumbunan iri biyu ne. Akwai masu mai gadi: wata manhaja ce dabam da ke tashi tun lokacin da aka kunna kwamfuta, ta zauna a bakin ƙofa, duk mai son zubawa ko ɗiba sai ya bi ta hannunta da suna da kalmar sirri. Cikinsu akwai MySQL, wanda ya fito daga ƙasar Suwidin a 1995, yake kuma hannun kamfanin Oracle tun 2010, da PostgreSQL wanda ya samo asali daga jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. An gina su ne don wurin da mutane da yawa ke rubutu a lokaci guda, kamar manyan shafukan intanet da kamfanoni. Sai kuma waɗanda ba su da mai gadi, rumbun duka fayil ɗaya ne da manhajarka ke buɗewa da kanta. A nan akwai Access na kamfanin Microsoft, wanda ake saye kuma a Windows yake aiki, da SQLite wanda kyauta ne.

Na zaɓi ɗaya daga cikin manyan. Ba zan faɗi wanne ba, domin daga baya na gane ƙazafi na yi masa. Dalilin zaɓin kuwa, in faɗi gaskiya, son girma ne. Na ga abin da ƙwararru ke amfani da shi ke nan, ni ma ina so a ce na iya. Kwana uku na yi kafin ya zauna daidai a kan jirginmu. Da na zuba makin makarantar duka na danna maɓallin lissafi, sai fanka ta ɗauki kuka. Minti shida, bakwai, tana yi kamar za ta ɓalle, darakta yana kallona ta saman tabarau. Ya ce, "Malam, wannan abin naka ba zai ƙona mana ita ba? Ka san ba mu da wata." Na ce masa rumbun ne ya yi mata nauyi, zan sauya.

Na koma SQLite. Wani Ba'amurke mai suna Richard Hipp ne ya fitar da shi a shekarar 2000, lokacin da yake aikin wata manhaja ta jirgin ruwan yaƙi, yana neman rumbun da ba ya jiran mai gadi kafin ya yi aiki. Ya sake shi ga kowa, babu lasisin da za a biya. Mai karatu, kai ma kana ɗauke da shi a aljihu ba ka sani ba: yana cikin kowace wayar Android da iPhone, yana cikin Firefox da Chrome, kuma a cikinsa WhatsApp ke adana saƙonninka a waya. Python ma da shi yake zuwa, ba sai na girka komai ba. Cikin yini ɗaya na kwashe kayana na mayar can.

Ƙarar ta ɗan ragu, na yi ta murna ina cewa na gano ɓarawo. Lokacin sanyi ne. Da Afrilu ya shigo, zafi ya haura digiri 40, sai jirgi ya dawo da kukansa fiye da da, ko ba a lissafin komai. Wata ranar Laraba ana tsakiyar aiki ta mutu ɗif da kanta.

Na ɗaure akwatin a bayan babur na kai wa wani mai gyara a kusa da babbar kasuwa. Ina shiga rumfar ya miƙe tsaye, ashe tsohon ɗalibina ne da ya bar makaranta tun daga aji na uku na kwaleji. Ya kwance murfin, ya haska da fitilar waya, ya yi dariya.

"Mushe, yaushe rabon a buɗe ta?"

Na ce, "Ɗana, ni ban san ana buɗewa ba."

Ya sa ɗan tsinke ya zaro wani abu daga tsakanin haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashin fankar, kamar guntun tsohon bargo. Ƙurar hunturu ce ta shekaru, ta haɗu da garin alli da zaren gizo-gizo ta dunƙule. Ranar ni na zauna a benci, shi ya yi darasi.

Ga abin da ya koya mini. A tsakiyar kwamfuta akwai ɗan ƙaramin guntu mai yin lissafin duka, ana ce masa furosesa. Duk sa'ad da yake aiki zafi yake fitarwa, in aikin ya ƙaru zafin ya ƙaru. An ɗora masa wani ƙarfe na alminiyam ko jan ƙarfe mai haƙora kamar mashaci don ya janye zafin, tsakaninsu an shafa wani farin man da ke sadar da zafi, fanka kuma tana hura iska ta cikin haƙoran. Akwai ma'aunin zafi a ciki, shi ke gaya wa fanka ta ƙara gudu. In ƙura ta toshe haƙoran, fanka za ta yi ta gudu iska ba ta wucewa. In zafi ya doshi digiri 100, furosesa yakan rage saurinsa don ya ceci kansa, shi ya sa kwamfuta ke yin nauyi da rana. In hakan bai isa ba sai ta kashe kanta. Mutuwar da ta yi ranar Laraba, ceton ranta ta yi.

Ya zare waya daga kuran tukuna, ya danne fiffiken fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima, sannan ya hure ƙurar a waje. Ya goge tsohon man da ya bushe kamar ƙanzo, ya shafa sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar gero biyu. Yana yi yana lissafa mini kukan kwamfuta kamar mai tsohuwar mota. In huci ne mai ɗorewa, aiki ya yi yawa ko iska ba ta wucewa. In gurzawa ce ko kaɗawa, fankar ce ta tsufa, a sauya ta, ba ta da tsada. In ƙas-ƙas ne kamar agogo daga wajen faifan ajiya, wanda ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, to a kwashe kaya a ranar, faifan yana bankwana. Sai ya ƙara da cewa, "Amma Mushe, wadda ta fi ba ni tsoro ita ce wadda aka kawo mini ana cewa ta daina ƙara ana jin daɗi. Sau da yawa fankar ce ta mutu, abin yana dahuwa a ciki shiru."

Kafin in tafi ya ce in danna maɓallin lissafin nan ya gani. Ya buɗe tagar da ke nuna aikin da kwamfuta ke yi, sai ga manhajata ta riƙe furosesa ba ta saki. Da na koma gida na duba rubutuna da idon basira, na ga abin da na aikata. Don in samo makin yaro ɗaya, sai in sa a karanta makin makarantar duka daga farko har ƙarshe, in tsinci nasa, sannan in sake haka ga yaro na biyu. Kamar mai neman aya ɗaya ya fara littafi daga bango kowane lokaci. Rumbunan nan duka suna da abin da ake kira fihirisa, layi ɗaya ake rubutawa a kafa ta. Da na kafa, na kuma gyara yadda nake tambaya, aikin minti bakwai ya koma daƙiƙa kaɗan, fanka ko juyowa ba ta yi ba. Laifi tudu ne. Rabin ƙarar ƙura ce, rabi ni ne, babban rumbun da na kora bai ci ba bai sha ba.

Duk da haka ban koma gare shi ba, kuma wannan karon da dalili. Na ajiye tambayar wanne ya fi ƙarfi, na yi wa kaina tambayoyi uku da suka shafi ofishinmu.

Ta farko: mutum nawa za su yi rubutu a lokaci guda? A wurinmu kwamfuta ɗaya ce, kujera ɗaya. SQLite mai rubutu ɗaya yake bari a lokaci guda, kuma masu shi da kansu suna gargaɗi kada a ajiye fayil ɗin a kan wata kwamfuta ana rubutu a cikinsa daga wasu ta hanyar sadarwa. Makarantar da ke da sakatare da ma'aji da mai kula da ɗalibai, kowa da kwamfutarsa suna aiki tare, ita mai gadi take buƙata, ta nemi PostgreSQL ko makamancinsa. Mu ba mu kai nan ba. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ta biyu: in kuran ya tafi ana tsakiyar rubutu fa? Wannan ba tambayar wasa ba ce a garin da wutarsa ke zuwa ta layin Katsina. Kowa ya tuna watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke shigowa daga Najeriya, da watannin da suka biyo baya. SQLite kafin ya taɓa abin da ke cikin rumbu yakan rubuta yadda abin yake a wani ɗan fayil na gefe. In wuta ta ɗauke kafin ya gama, da an sake buɗewa sai ya mayar da komai yadda yake kafin a fara. Ko aikin ya shiga duka, ko bai shiga ba sam. A farkon shekarar karatun nan ta 2023 wuta ta ɗauke mana ana rubutu ba sau ɗaya ba, abin da muka rasa bai wuce makin da ake cikin shigarwa ba.

Ta uku, wadda ta fi muhimmanci: in aka yi mini canjin wurin aiki gobe, wa zai riƙe? Malami ba ya da tabbacin shekara mai zuwa a gari ɗaya. Rumbun da ke buƙatar kalmar sirrin da ni kaɗai na sani da umarnin da ni kaɗai na iya, ranar da na tafi ya zama kabari. Wannan kuwa fayil ɗaya ne. Na nuna wa darakta: a rufe manhaja tukuna, a kwafi fayil ɗin a kile, a rubuta kwanan wata. Kowace Juma'a muna yin kwafi biyu, ɗaya a aljihun tebur, ɗaya a gidan darakta, domin gobara da ɓarawo ba sa tambayar wane rumbu ka zaɓa. Sau ɗaya a zango muna buɗe kwafin a wata kwamfuta mu tabbata yana buɗuwa. Masu SQLite sun ce niyyarsu su ci gaba da kula da shi har 2050, kuma babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin sigogin da yake ba da shawarar a adana bayanai da su. Wannan ya kwantar mini da hankali game da ɗalibin da zai dawo bayan shekara goma.

Sauƙin nan yana da nasa haɗari, kuma ya kamata iyaye su sani. Fayil ɗin ba ya zuwa da makulli. Duk wanda ya samu kwafi zai iya karanta sunayen yara da ranakun haihuwarsu da lambobin iyayensu. Saboda haka muka hana a tura shi ta waya, kile ɗin kuma ba a ba kowa aronsa.

Haka muka shiga 2024 cikin kwanciyar hankali. Jirgi ya yi shiru, takardun sakamako suna fita a kan lokaci, ana ta sa mini albarka. Da aiki ya yi daɗi sai na ce kowane malami ya zo ya shigar da makinsa da kansa, in huta. A nan gara ta shiga rumbu.

Bayan an raba sakamakon ƙarshen shekara da kwana biyu, wani dattijo ya yi sallama a ƙofar ofis, ƴarsa tana bayansa riƙe da littafin rubutu. Mai sayar da hatsi ne. Yarinyar tana aji na uku, in ta wuce za ta shiga ajin da ake rubuta BEPC. Takardarta ta nuna 9,90 cikin 20, ana neman 10. Bayan mun gaisa ya ce:

"Mushe, ni ban yi boko ba, ban zo gardama ba. Yarinyar nan ce ta hana mu barci, ta ce lissafin bai cika ba. Na ce mata na'ura ce ta yi, na'ura ba ta son kai. Ta ce in kawo ta. To ga ta."

Na ce, "Baba, ba laifi, bari mu gani." A raina kuwa ina cewa ɓata lokaci ne.

Ta buɗe bayan littafinta. Ta ninka kowane maki da nauyinsa, ta tara, ta raba, da rubutu mai tsabta. Ta samu 10,08. Na ɗauki na'urar lissafi na bi layi-layi daga makin da ke kan takardar da ni na buga. 10,08. Na sake. 10,08. Gumi ya karyo mini, ga fanka a sama tana juyawa.

Sai da na kai dare kafin in gano. Mu da muka yi karatu da Faransanci, sha biyu da rabi 12,5 muke rubutawa, da waƙafi. Harsunan kwamfuta kuwa ɗigo suka sani, 12.5. Lokacin da ni kaɗai nake shigar da maki, ɗigo nake sawa ba tare da na yi tunani ba. Abokan aikina suka zo suka rubuta da waƙafi, yadda aka koya musu kuma yadda yake daidai a allo. SQLite yana da wata ɗabi'a da masu shi suka bayyana a fili cikin littafinsa: in ka ba shi abin da bai yi kama da lamba ba a gurbin lamba, ba ya ƙi, yakan karɓa ya ajiye shi a matsayin rubutu. Da aka zo bugawa sai ya fito da 12,5 yadda aka ba shi, kowa ya gani daidai. Da aka zo ninkawa sai ya karanta 12, ya tarar da waƙafi, ya tsaya nan. Rabin maki ya zube, babu ƙara, babu jan rubutu, babu komai.

Tun watan Nuwamban 2021, kafin in rubuta layin farko na manhajata, an riga an ƙara wa SQLite hanyar da za ka ce masa ya tsananta, ya ƙi duk abin da ba lamba ba. Kalma ɗaya ce ake ƙarawa. Ban karanta wurin ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Abin da ya fi yi mini ciwo, PostgreSQL da irinsa masu tsanani da an ba su 12,5 a gurbin lamba da sun ƙi karɓa nan take, sun yi ihu. Na yi shekara biyu ina neman shiru, na same shi, ga abin da ya haifa.

Washegari dattijon ya dawo, na gaya masa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: ƴarsa ce ke da gaskiya, kuskuren nawa ne. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mushe, a kasuwa in tiyarka ta rage da ɗan kaɗan, mai saye ɗaya ba zai gani ba. Amma kai da ka auna wa gari duka, ka san abin da ka ci." Daga baya ya gaya mini abin da ban sani ba. Ƴan uwansa sun daɗe suna matsa masa a kan maganar aurenta. Ya yi musu alkawari in ta faɗi a bana ya ba da ita, in ta wuce a bar ta ta yi BEPC. Takardar da na buga har ta riga ta zagaya gidan.

Na je na sami darakta. Muka binciko duk makin da ke da waƙafi, sun haura ɗari biyu. Yawancinsu ba su sauya komai ba sai matsayi a aji, amma yara shida da aka rubuta sun faɗi ashe sun wuce. Muka sake buga takardu, muka aika a kira iyaye. Akwai wanda ya ba ni shawara mu ce na'ura ce ta samu matsala. Na ƙi, domin in muka ɗora wa na'ura, gobe ma za mu sake, kuma iyaye za su ci gaba da ɗauka cewa abin da ya fito daga kwamfuta ba a tambayarsa. Na tsaya gaban iyaye shida na ce ni ne. Ban taɓa jin nauyin alli a hannuna kamar na wannan makon ba.

A hutun na gyara manhajar. Yanzu ko waƙafi ka sa ko ɗigo, tana mayar da shi lamba kafin ya shiga rumbu. Rumbun kansa na sa shi ya tsananta, ba ya karɓar abin da ba lamba ba, ba ya karɓar abin da ya gaza sifiri ko ya haura 20. In aka yi kuskure gurbin yakan yi ja, kwamfuta ta yi ƙara. Wata malama ta ce mini ƙarar tana damunta, in cire. Na ce, "Malama, yi haƙuri, wannan ƙarar da tsada na saye ta." Sannan muka kafa doka: kafin a raba sakamako, a kowane aji a zaɓi yara biyar a yi lissafinsu da hannu, wani malami dabam ya yi, ba ni ba.

Ga ƴan uwana malamai da ke sha'awar rubuta irin wannan manhaja, ina ƙarfafa muku gwiwa, ku yi. Har gobe SQLite nake amfani da shi, kuma ga makaranta mai kwamfuta ɗaya shi zan nuna wa kowa. Sai dai ku ba kowane yaro lambarsa ta kansa, kada ku dogara da suna, domin suna ɗaya ana rubuta shi Mahamadou a wata takarda, Mohamed a wata, kuma aji ɗaya yakan tara masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Ku gwada manhajar da hannun wani, ku ba wanda bai san yadda kuka gina ta ba ya shigar da abin da ya ga dama, ku ga abin da za ta haɗiye. Ku ɗaga kwamfuta daga ƙasa, ku bar mata sarari ta baya, ƙaramar ta hannu kuma kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma inda ƙofofin iskarta za su toshe. Mu yanzu sau biyu a shekara muke kai jirgi a hure shi: bayan hunturu kafin zafi ya sauka, da kuma kafin komawa makaranta a Oktoba.

Ga iyaye kuma, takardar da aka buga da na'ura mutum ne ya gina hanyar da ta bi, mutum kuwa ajizi ne. Ko ba ku yi boko ba, ku sa yaron ya zauna gabanku ya ninka kowane maki da nauyinsa, ya tara, ya raba da jimillar nauyin. Aikin minti goma ne. In bai yi daidai da abin da ke takarda ba, ku zo makaranta da ladabi ku tambaya. Malamin kirki ba zai ji haushi ba.

Yarinyar ta shiga ajin BEPC a watan Oktoba, ni ne ma na koya musu lissafi. Wata rana bayan an tashi ta tsaya a bakin ƙofa har sauran suka fita, ta ce, "Mushe, in tambaye ka? Da ban sake lissafin nan ba fa?"

Na buɗe baki, ban sami abin faɗa ba. Daga ofis ina jiyo jirgi ya soma ɗan hucinsa na azahar. Na ce mata ta gaida Baba, na tattara takarduna, na tafi in duba ko lokacin hure ƙura ya yi.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar ƴaƴan mutane.